Filin Masu Babur: Batun Bawul Idan Za a Ɗaura Sabuwar Taya

Kaka ta yi, an kai riɗi da wake kasuwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu, masu babur kuma sun yi ca a rumfunan masu faci ana sauya tayoyin da suka sha damina. Shi ya sa wasiƙun wannan karon suka karkata wuri guda, wato kan bawul, ɗan bututun nan da ake buga wa taya iska ta cikinsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar tayar baya ta Boxer ran kasuwar Gujungu, mai faci ya ce ba zai ɗaura mini ba sai na haɗa da sabon tub, wai gindin bawul ɗin tsohon ya gaji. Alhali faci biyu ne kawai a jikinsa, kuma ba ya sacewa. Anya ba ciniki yake nema ba? Daga wani manomi a ƙasar Taura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ko da ciniki yake nema, gaskiya ya faɗa maka. A babur mai wilin sifok, bawul da tub abu ɗaya ne, tun daga masana'anta aka gasa gindin bawul a jikin robar. Ba a sauya shi shi kaɗai. Abin da kawai ake iya cirewa shi ne fin, ƙwayar nan da ke cikin bututun. Saboda haka idan gindin ya gaji, tub ɗin ne gaba ɗaya ya gaji.

Kai ma za ka iya dubawa da kanka. Riƙe tub ɗin a rana, ka kwantar da bawul gefe da babban yatsa, ka dubi inda ƙarfe ya haɗu da roba. In ka ga tsatsa ta ci ƙarfen, ko robar ta fara ɗagowa, ko ta yi ƙananan tsagu, to kwanansa ya kusa ƙarewa. Ruwan damina ta ƙofar bawul yake shiga rim, kuma a daidai nan yake kwanciya, shi ya sa wurin ke riga ko'ina lalacewa.

Akwai dalili na biyu da bai shafi bawul ba. Tub ɗin da ya daɗe a cikin tsohuwar taya ya riga ya buɗe ya ɗauki faɗin cikinta. In aka cusa shi a sabuwa sai ya naɗe, guga da zafi su yi ta cin wurin naɗin, kuma irin wannan ba ya sacewa a hankali, tsagewa yake yi a lokaci guda. Tub ɗin da bai wuce 'yan makonni ba, kuma girman tayar bai sauya ba, wannan kam ana iya mai da shi.

In za ka saya, karanta lambar da ke jikin tayarka, misali 3.00-17, ka nemi tub mai wannan lamba, galibi za ka ga an rubuta 2.75/3.00-17. Na inci 18 ba ya zama a wili mai inci 17, naɗewa zai yi. Ƙaramin tub kuma a cikin babbar taya miƙewa yake yi har ya yi siriri. Ka sa mai facin ya duba robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim. In ta tsinke ko ta goce, a sa wata, kuma a tabbata ƙofarta ta dace da ƙofar bawul.

Tambaya: Ina acaba tsakanin Maigatari da ƙauyukan kewaye, nakan ɗauki buhu biyu har da mai kayan. Tub uku ke nan a jere bawul yana tsinkewa daga gindi. Na sauya shago, na sayi mai tsada, duk ɗaya. Hanyarmu yashi ce, don haka nakan rage iska saboda babur ya daina wulwuli. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riga ka faɗi matsalar a ƙarshen wasiƙarka. Ba tub ba ne, iska ce.

Babu kusa ko noti da ke riƙe taya a kan rim. Ƙarfin iska ne kawai ke danna leɓenta a jikin ƙarfen. Da zarar ka rage iska, riƙon ya yi sanyi. Ga buhu biyu da mutum a baya, ga yashi, kana murɗa totur a giya ɗaya: rim yana juyawa, taya tana ɗan zamewa a kansa kaɗan-kaɗan. Tub yana manne da cikin taya, don haka binta yake yi. Bawul kuwa ba shi da inda za shi, yana maƙale a ƙofarsa ta rim. Da farko zai karkace, daga nan robar gindinsa ta yi ta jawuwa har ta yage. Ko tub na nawa ka saya, haka za a yi.

Abin da ke ƙara ɓata lamarin shi ne notin waje, wanda ke kan bututun bawul ta wajen rim. Masu faci da yawa sukan matse shi tam da sifana a jikin rim, suna ganin gyara suka yi. Bawul ɗin da aka matse haka zai tsaya a miƙe kamar lafiya lau, alhali a ciki ana yaga shi, ba za ka ga alamar komai ba sai ranar da ya tsinke. Ga mai bin yashi da kaya, gara a murɗo notin ya yi sama ya haɗu da murfin bawul, a bar bawul ɗin ya samu damar karkacewa. Kullum da safe ka kalle shi. In yana kallon tsakiyar wili sak, lafiya. In ya kwanta gefe, tsaya ka gyara kafin ka ɗora kaya: a sace iskar duka, a taka gefen tayar har leɓenta ya saki rim ta ɓangarorin biyu, a riƙe wilin a juya tayar ta koma baya har bawul ya miƙe, sannan a buga iska. Aikin bai fi na minti goma ba. In kana son shaida, ja layi da fenti daga gefen taya zuwa kan rim. Ranar da layin ya rabu biyu ka san ta zame.

Game da yawan iska, duba takardar da ke manne a jikin babur ko littafinsa. A yawancin ƙananan babura na 100 zuwa 150, za ka tarar da kusan psi (ma'aunin ƙarfin iska) 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo. Da kaya irin naka, kada baya ta yi ƙasa da na goyon, kada kuma ta haura iyakar da aka rubuta a gefen tayar. A auna da geji, danna yatsa ko buga ƙarfe a ji ƙara ba awo ba ne. In dole sai ka rage don tsallake wani yashi mai zurfi, rage kaɗan, ka bi a hankali, ka mayar da zarar ka fita. Ɗan famfon ƙafa a ƙarƙashin kaya ya fi tub uku araha.

Sai kuma ranar ɗaurin. Kada ka yarda a shafa baƙin mai ko giris a leɓen taya don ta shige da sauƙi. Ruwan sabulu yana bushewa ya bar tayar ta kama rim. Mai ba ya bushewa, kullum santsi, kuma yana cin roba. A goge tsatsar cikin rim, a shafa yatsa a ƙofar bawul, in da kaifi a bi da samfefa. A ɗan hura wa tub iska ya yi siffa, a barbaɗa masa hoda, a fara zura bawul a ƙofarsa, washarsa tana ciki a kan tub, a ɗaura notin waje zagaye biyu ko uku kawai don kada ya koma. Leɓen taya na biyu a fara shigar da shi daga ɓangaren da ke nesa da bawul, a ƙare a wajen bawul, ana tura bawul ɗin ciki da yatsa don kada leɓen ya danne gindinsa. Tub da yawa a nan ake yi musu rauni tun ba su taka ƙasa ba.

Wani abu kuma da kowa ya sani amma ake yi: tafiya kan tayar da ta sace, ko da daga bakin gari ne zuwa rumfar mai faci. Ƙaramin facin ƙaya ne yake komawa tsinkewar bawul. A sauka a tura.

Tambaya: Babur ɗina mai wilin alminiyam ne, tayoyinsa tubles, wato marasa tub. Da na je sauya taya a Wudil, mai facin ya ɗauko bawul na mota daga gwangwani ya ce duk ɗaya ne. Na ce a bar tsohon tukuna. Shin dole ne a sauya, kuma wanne ya dace?

Amsa: Alhaji, a sauya. Bawul ɗin tubles na roba yana tsufa tare da taya, rana ɗaya suke sha, zafin kwalta ɗaya. Ba a kuma iya sa shi sai ta cikin rim, wato sai an ɓalle taya. Ranar da aka cire tayar ita ce ranar da sauyin ba ya cin kuɗin aiki, shi kansa bawul ɗin kuwa bai kai kuɗin litar fetur ba. In ka bar tsohon, zai yi zaman taya biyu ke nan, kuma in ya tsinke a guje iskar a take take ficewa.

Maganar mai facin akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Bakin bawul da fin ɗinsa iri ɗaya ne a mota da babur, tsari ne da kamfanin Schrader na Amurka ya fito da shi tun shekarun 1890, shi ya sa kan famfo ɗaya ke kama kowanne. Inda ake samun bambanci shi ne kaurin gindi da tsawo.

Ƙofar bawul a wilin babur kashi biyu ce a mafi yawan lokaci: mai milimita 8.3 da mai milimita 11.3. In babu abin awo, ga dabara. Ɗauko bol mai kaurin milimita 10, irin wanda sifana 14 ke kamawa a jikin babur. In ya shige ƙofar da sauran wuri, babba ce. In ya ƙi, amma wanda sifana 12 ke kamawa ya shige daidai, ƙarama ce.

Babbar ƙofa ita ce ke ɗaukar bawul na roba da ake ja ya zauna, kuma girmanta ɗaya da ta yawancin ƙananan motoci. Lambar tana rubuce a ƙasan gindin bawul. TR412 shi ne gajere, tsawonsa kusan milimita 33, shi ya fi dacewa da babur. TR413 ya kai kusan 43, zai yi in babu gajeren. TR414 da abin da ya fi shi tsawo a bar wa mota, domin doguwar roba a wilin babur lilo take yi a kowane gargada, kuma ta gindi take tsagewa. TR415 kada ma a gwada, na ƙofa mai kusan milimita 16 ne. Ƙaramar ƙofa kuwa bawul na ƙarfe take so, mai robar toshi da noti. Kada ka bari a faɗaɗa ƙofar da abin huji don bawul na mota ya shiga, kada kuma a yanko bawul daga tsohon tub a ɗaure shi da guntun roba. Ana yi, yana kuma riƙe iska na 'yan kwanaki, amma ba abin ɗora iyali a kai ba ne.

Ga yadda ake sa na robar. A cire fin iska ta fita, a ɓalle taya. Tsohon bawul a yanke gindinsa ta ciki da wuƙa, a zare sauran ta waje, ana kula kada wuƙar ta karce bakin ƙofar. A goge ƙofar ciki da waje, domin alminiyam yakan yi wata farar tsatsa kamar gari a wurin, kuma ta cikinta iska ke sulalewa. A jiƙa sabon da ruwan sabulu, a zuro shi ta ciki, a ɗaura masa abin ja a tiredin bakinsa, a ja shi a miƙe, ba a karkace ba, har a ji ya yi ɗas. Za ka ga wani zobe na roba ya fito waje ya zagaye ƙofar. In rabi ya fito rabi bai fito ba, bai zauna ba. In za a dogara abin jan a kan rim, a sa tsumma ko katako a tsakani. Filaya a kan tiredi tana tauna shi, daga nan murfi ba zai ƙara ɗauruwa ba, kan famfo ma ya riƙa huci. Bawul ɗin da aka ja ya zauna sannan aka sake cire shi ya gama aiki, a ɗauko wani.

Na ƙarfe kuwa, robar toshinsa sabuwa ake sawa kowane sauyin taya, a matse notin da ƙaramar sifana har robar ta cika ƙofar. In ta fara tsartuwa ta gefe, an zarce.

Kafin a saya, matsa robar da yatsu. Sabon bawul yana da taushi da baƙi sosai. Wanda ya shekara a gwangwani a rana zai yi tauri ya yi fari-fari, ko da ba a taɓa amfani da shi ba. In sabuwar tayar tana da ɗigon rawaya a gefe, a daidaita shi da bawul, alama ce ta inda tayar ta fi rashin nauyi. A kuma bi kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa.

Tambaya: Tayar gabana duk bayan kwana uku ko huɗu sai na ƙara mata iska. An cire tub an tsoma a ruwa, babu kumfa ko ɗaya. An mayar, abin bai daina ba. Daga malamin makaranta a Gwaram.

Amsa: Malam, tub ɗin da aka ciro aka hura a waje iskar cikinsa kaɗan ce ƙwarai, don in aka matsa masa kumbura zai yi ya fashe. Fin ɗin da ke yoyo a psi 25 yana iya yin shiru a wannan 'yar iska. Shi ya sa ake gwada bawul a kan babur, taya tana cike.

Cire murfi, ka ɗiga ruwan sabulu ko yawu a bakin bawul ya rufe shi, ka jira kamar minti guda. In ya kumburo, fin ne. Sa makullin fin ka ɗan ƙara masa, da yatsu biyu kawai, har ka ji ya tsaya. Robar da ke jikinsa 'yar mitsitsiya ce, matsi mai yawa murƙushe ta yake yi, wani lokacin ma kan fin ɗin ya karye a ciki. In ka ƙara bai daina ba, cire shi ka sa sabo, ba a gyaran fin. Ka goge cikin bututun kafin ka sa.

Abin da ke kashe fin a ƙasarmu ƙura ce. Bawul marar murfi yana tara ƙurar hunturu da yashi a bakinsa, sai mai famfo ya zo ya tura su ciki, ƙwayar yashi ɗaya ta zauna a kan robar fin, shi ke nan ba zai ƙara rufewa daidai ba. Kafin a ɗora kan famfo, danna tsinken fin ɗin na ƙiftawar ido iska ta feso da dattin waje.

In kumfar ba a baki take ba, a gindin bawul take ko a jikin sifok, kada ka ɗora wa bawul laifi nan take. A wili mai tub, duk inda hujin yake, iskar ta waɗannan ƙofofi take neman hanyar fita. A sake cire tub, a hura shi fiye da na farko, a tsoma gaɓa-gaɓa ana ɗan miƙa robar, a kuma lanƙwasa bawul a cikin ruwan. A bi cikin tayar da tsumma, tsinin ƙayar aduwa yakan karye a ciki, ido ba ya ganinsa amma tsumma zai maƙale.

Ka kuma yi awon a lokaci ɗaya kowace rana, da safe kafin ka tuƙa. Iskar taya tana sauka kusan psi 1 duk lokacin da sanyi ya ƙaru da kamar digiri 6, don haka tayar da aka cika da rana tsaka za ta nuna ƙasa da haka da asubar hunturu ba tare da ta yi yoyo ba. Amma wannan bai kai a ce duk kwana uku sai an nemi famfo ba. Naka akwai inda take fita.

Tambaya: Ina da ƙaramin babur irin sikuta mai wili 10. Kan famfo ba ya shiga wajen bawul saboda wurin ya matse, sai yara sun yi ta lanƙwasa shi. Wani ya ba ni ɗan bututu mai gwiwa na ɗaura a kai na bar shi. Daga wani dattijo a Kazaure.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan bututun a cire shi. An yi shi ne don a ɗaura a buga iska a kwance, ba don a yi tafiya da shi ba. Yana danne fin a buɗe, ya zama 'yar robarsa ce kaɗai ke riƙe da iskar tayarka, ga kuma nauyinsa yana jan bawul.

Maganin shi ne bawul mai gwiwa na asali a ranar sauyin taya. In wilin mai tub ne, a nemi tub mai lanƙwasasshen bawul, lambarsa TR87. In tubles ne, akwai mai gwiwa mai gindin roba, akwai na ƙarfe zalla mai noti; na ƙarfen ya fi ƙarko, domin na robar juyawar wili tana danna gwiwarsa ƙasa kullum har gindin ya tsage. A fuskantar da bakinsa dama, tunda babur a kan jak ɗin gefe hagu yake kwantawa, ɓangaren dama ne ke buɗe. Bayan an ɗaura, a juya wilin da hannu zagaye guda a tabbata bai taɓa birki ko wayarsa ba. Mai buga iska kuma ya tallafe bayan gwiwar da yatsa yayin da yake danna kan famfo.

Tambaya: Na sa wa babur ɗina murfin bawul mai wuta, yana haske in ana gudu. Yayana ya ce zai kashe mini taya. Gaskiya ne? Daga wani saurayi a Bichi.

Amsa: Samari, ji maganar yayanka. A gudun kilomita 80 a awa, wili 17 yana juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa guda, kuma duk abin da ke kan bawul nauyinsa yana ninkuwa kusan sau 100. Murfi mai batir da ya kai giram 10 ya zama kamar kilo guda a kan 'yar robar nan, ga gargada tana kaɗa shi. Murfin ado na alminiyam kuma yana da tasa cutar: in ya sha ruwa a kan bakin tagulla sai su manne, ranar da za ka kwance sai dai bawul ya murɗe. Murfin roba baƙi na yau da kullum ya isa. Wanda ya fi shi shi ne ƙaramin murfin ƙarfe mai 'yar roba a ciki, domin in fin ya fara yoyo shi zai tare iskar har ka isa gida. Akwai mai tsaga a kai wanda ake kwance fin da shi. In ka samu, sa guda a wilin baya.

Tambaya: A wajenmu ƙaya ta yi yawa. Na ji an ce tubles ba ta sacewa da wuri. Zan iya sa tayar tubles a wilina na sifok, a sa mata bawul na roba, a zuba ruwan nan na faci? Daga mai noman rani a fadamar Haɗejia.

Amsa: Malam, tayar za ta hau, amma sai da tub a cikinta. Wilin sifok na irin baburanmu kowace sifok ƙofa ce, iska za ta bi ta nan. Bayan haka rim ɗin ba shi da ɗan tudun da ke riƙe leɓen tayar tubles in iska ta ragu. Wasu suna liƙe kawunan sifok da gam da roba, abin ya yi kamar ya yi, sai ranar da aka zo ɗaure sifok ɗaya ko wili ya daki rami. In tubles kake so da gaske, sai ka sayi wilin da aka yi dominta, za ka ga an rubuta a jikinsa. In kuwa za ka sa tub a cikin tayar tubles, a ɓare duk wata takarda da ke manne a cikin tayar, gefenta yana cin tub.

Akasin wannan ma ana yawan yi, wato a sa tub a wilin alminiyam don tayar ta ƙi riƙe iska. A nan a kula da ƙofa. Bawul ɗin tub kaurinsa kusan milimita 8 ne. A ƙofa mai 11.3 zai yi ta rawa, bakin ƙofar yana cin gindinsa, ruwa da yashi suna shiga. A nemi ɗan zoben roba ko na ƙarfe da zai cike gibin, a kuma ɗauke shi a matsayin dabarar isa gida.

Ruwan faci yana taimakawa kan ƙananan hujin ƙaya da ke tsakiyar taya. Ba ya maganin yankan gefe, ba ya maganin tub da liba (ƙarfen ɓalle taya) ta cije, ba ya kuma maganin gindin bawul. Akwai na tub, akwai na tubles, karanta jikin robar ruwan kafin ka saya. Babban aibinsa shi ne toshe fin, tunda aikinsa ke nan, duk inda iska ke fita ya je ya liƙe. Don haka a cire fin kafin a zuba, a zuba gwargwadon da aka rubuta, a goge cikin bututun tas, a mayar da fin, a buga iska, a yi ɗan zagaye ruwan ya bazu. Duk lokacin da za ka auna ko ka ƙara iska, juya wilin bawul ya tsaya a gefe ƙasa-ƙasa, inda lamba 4 ko 8 take a fuskar agogo, ka ba shi ɗan lokaci ruwan ya tsiyaye daga bututun. A can ƙasa ruwan yake taruwa, a sama kuma cikin bawul yake gangarowa, har ya shiga geji ya ɓata shi. Ka riƙa yawo da fin biyu da makullinsa a cikin kayan sifana, kuma in ka kai facin da ruwan ya kasa toshewa, gaya wa mai faci akwai ruwa a ciki tun kafin ya fara, domin sholisho ba ya kama wurin sai an wanke an shanya.